Da'irar da ke Bin Sawun Faifai: Lacca kan Na'urorin da ke Mai da Ruwa Hazo

 

Abin da ya tara jama'a a wannan zaure faifai ne na tangaran, faɗinsa milimita 16 ko 20, kaurinsa bai kai milimita 2 ba. Ana kwantar da shi a gindin mazubin ruwa, a jona masa wayoyi biyu, a kunna. Nan take sai ruwan da ke kansa ya yi tsiri, farin hazo ya riƙa tashi daga ƙolin tsirin. Wanda ya sa hannu cikin hazon zai ji shi da sanyi, domin ba tafasa ruwan aka yi ba. Kaɗa shi aka yi, sau miliyan 1.7 a daƙiƙa guda, har ya tarwatse. Wannan faifai yana cikin na'urar ƙara danshi a ɗaki, yana cikin tukunyar ƙamshi ta lantarki, yana cikin injin ƙyanƙyasar ƙwai, kuma danginsa na cikin nebulaizar da ake ɗaura wa mai asma a asibiti.

Faifan shi ake gani, shi kuma ake yabo. Amma shi kaɗai ba ya tsinana komai. Da'irar lantarkin da ke ɓoye ƙarƙashinsa ce ke nemo saurin kaɗawar da yake so, ta bi shi in ya kauce, ta tsayar da shi kafin ya hallaka kansa. Ingancin na'urar duka, mai tsada da mai araha, ya ta'allaƙa ne ga yadda wannan da'ira ta iya sauraron faifanta.

Labarin ya faro a Faris a shekarar 1880, lokacin da 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka lura cewa idan aka matsa wasu duwatsu masu ƙyalli irin su kwatz, wutar lantarki kan bayyana a fuskokinsu. Shekara na zagayowa Gabriel Lippmann ya nuna da lissafi cewa dole abin ya yi aiki ta ɗaya ɓangaren ma: a ba dutsen wuta, shi kuma ya motsa. 'Yan'uwan suka gwada, suka tarar haka ne. Sai dai motsin ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya kama shi, don haka aka shafe shekara talatin da ɗoriya abin bai yi nisa da ɗakin gwaji ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya fito da shi fili. Paul Langevin, ɗalibin Pierre Curie, ya harhaɗa kwatz tsakanin farantan ƙarfe domin aika sauti cikin teku a gano jiragen Jamus masu nutso.

Wani masani daga Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Robert Wood, ya ga gwajin Langevin a Toulon, ya ga ƙananan kifaye na mutuwa idan suka ratsa ta cikin sautin. Abin ya tsaya masa a rai. Bayan yaƙi ya haɗa gwiwa da Alfred Loomis, attajirin harkar kuɗi na New York wanda ya gina wa kansa ɗakin gwaji a Tuxedo Park. A 1927 suka buga sakamakon aikinsu. Sun nutsar da faifan kwatz cikin mai, suka ɗura masa wuta mai ƙarfin gaske, man ya taso ya yi tudu, wasu ruwaye kuma suka koma hazo a gaban idonsu. Sandar gilashin da aka tsoma a ciki, in aka riƙe ta tam, sai ta ƙona yatsa. Har yau wanda ya tsoma yatsa cikin tsirin ruwan na'urar ɗaki zai ji raɗaɗi har cikin ƙashi, kuma ba abin gwadawa ba ne.

Me ya sa kaɗawa ke tarwatsa ruwa? Tun 1831 Michael Faraday ya lura cewa idan aka riƙa girgiza mazubin ruwa sama da ƙasa, ƙananan raƙuma kan fito a fuskar ruwan, suna kaɗawa da rabin saurin girgizar. In girgizar ta tsananta, ƙolin kowane raƙumi sai ya tsinke ya tashi a matsayin ɗigo. A 1962 Robert Lang ya auna abin, ya fitar da ƙa'ida mai sauƙi: faɗin ɗigon ya kai kusan kashi 34 cikin ɗari na tsawon wancan raƙumi, shi kuma tsawon raƙumin yana raguwa yayin da saurin kaɗawa ke ƙaruwa. Idan aka sa ruwa zalla cikin lissafin, a megahaz 1.7, wato kaɗawa sau miliyan 1.7 a daƙiƙa, ɗigon zai kasance kusan maikiron 3, a megahaz 2.4 kuma kusan maikiron 2.3. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum yana kaiwa kimanin maikiron 70.

Waɗannan lambobi ba na ado ba ne. Ɗigon da ya wuce maikiron 10 yakan maƙale a hanci da maƙogwaro. Wanda ke tsakanin maikiron 1 zuwa 5 shi ke zarcewa can cikin huhu. Saboda haka injiniyan da ya zaɓi megahaz 1.7 ya riga ya zaɓi inda hazonsa zai sauka a jikin mutum, ko ya sani ko bai sani ba.

Faifan yau ba kwatz ba ne. Tun shekarun 1950 masu bincike a Jafan da Amurka suka samar da tangaran da ake haɗawa daga dalma da zakoniyam da titaniyam, wanda ake kira PZT, kuma motsinsa ya ninka na kwatz nesa ba kusa ba. Bayan an gasa shi, sai a sa shi cikin wuta mai ƙarfi yana da zafi, domin ƙwayoyin cikinsa su fuskanci ɓangare guda. Wannan jeruwa ita ce ran faifan. Zafi mai yawa kan wargaza ta, kuma da zarar ta wargaje, abin da ya rage tangaran ne kawai. Nau'ukan da ake amfani da su a wannan aiki suna rasa jeruwarsu gaba ɗaya a wajen digiri 300, masu ƙera su kuma kan ba da shawarar kada a wuce rabin wannan zafi.

A nan ne aikin da'ira ya fara. Kowane faifai yana da saurin kaɗawa guda da ya dace da kaurinsa. A daidai wannan sauri, wuta kaɗan ta isa ta sa shi rawa sosai. A kauce masa da ɗan kaɗan, sai motsin ya faɗi warwas, wutar da ake turawa ta koma zafi, hazo kuma ya ɗauke. Da a ce wannan sauri a tsaye yake, da an huta. Amma ba a tsaye yake ba. Faifai biyu daga kwali ɗaya ba sa zuwa daidai wa daida. Faifan da ya ɗumama ba ya kaɗawa kamar yadda ya yi da sanyinsa. Zurfin ruwan da ke kansa yana canza shi, robar da ta matse gefensa tana canza shi, farin gishirin da ke taruwa a fuskarsa yana canza shi. Makaɗa sun san irin wannan: fatar ganga takan saki da damina ta ɗaure da hunturu, mawaƙin da ya kafe kan muryar jiya kuwa, shi da gangar yau sai su raba hanya.

Dabara ta farko da aka samo tsohuwa ce, kuma har yau ita ce a cikin mafi yawan na'urorin ɗaki. A 1918 Edwin Colpitts, haifaffen Kanada da ke aiki a kamfanin Western Electric, ya tsara wata da'ira mai kaɗa kanta: a ɗebi kaɗan daga abin da ke fita, a raba shi tsakanin kafasita biyu, a mai da shi mashiga, sai kaɗawar ta ci gaba da ciyar da kanta. Masu ƙera na'urar hazo suka ɗauki wannan tsari, suka sa faifan kansa a cikin zagayen. Ma'ana, ba da'irar ce ke gaya wa faifai saurin da zai bi ba. Faifan ne ke faɗa, da'irar kuma ta ƙara masa ƙarfi a kan abin da ya faɗa. In ya ɗumama ya sauka kaɗan, ita ma ta sauka tare da shi ba tare da wani ya taɓa komai ba. A ra'ayin mai wannan lacca, da wuya a sami wani wuri a harkar lantarki da kaya kaɗan haka suka warware matsala mai girma haka.

Duk wanda ya kwance gindin irin wannan na'ura zai ga abin da idonsa. Fanel ne da bai cika tafin hannu ba. A gefensa akwai taransista guda mai ƙafa uku, an ɗaure bayansa da kusa a jikin ƙarfen alminiyam, da farin man sanyaya a tsakaninsu. Sau da yawa lambar da ke jikinsa BU406 ce. Tsofaffin masu gyara sun san shi tun zamanin talabijin mai doro, domin asali an yi shi ne don sashen da ke zana layukan hoto daga hagu zuwa dama. Yana ɗaukar amfiya 7, kuma yana da saurin da aikin ke buƙata. Kusa da shi akwai kwayil ɗaya ko biyu masu 'yan naɗe-naɗe, kafasitoci kaɗan, da razista mai murɗawa wanda ke haɗe da maɓallin waje. Wutar da ke ciyar da fanel ɗin yawanci tsakanin bolt 24 ne zuwa 48. Sai ƙaramar fanka mai tura hazon waje, domin hazon ya fi iska nauyi, in ba a tura shi ba sai ya kwanta a kan ruwan.

Daga cikin mazubin kuma akwai wani ɗan sanda a tsaye, da zoben roba mai shawagi kewaye da shi. A cikin zoben maganaɗisu ne. A cikin sandan kuwa akwai siririn gilashi mai ɗauke da harsunan ƙarfe biyu. In ruwa ya isa, zoben na sama, harsunan na haɗe, taransista na aiki. In ruwa ya ja baya, zoben ya sauka, harsunan su rabu, komai ya tsaya.

Wannan ɗan zobe shi ne mai gadin faifai, kuma yana da kyau a fahimci dalili. Ruwa yana yi wa faifan aiki biyu: yana karɓar ƙarfin sautin, yana kuma kwashe zafi. Iska ba ta iya ko ɗaya. Sautin da ya fito daga tangaran ya iske iska, kusan dukkansa baya yake komawa cikin tangaran ɗin. Faifan da aka bari yana kaɗawa a bushe sai rawarsa ta ƙaru, zafinsa ya hau, cikin ɗan ƙanƙanen lokaci ya tsage ko ya rasa jeruwarsa, kuma sau tari yakan tafi da taransistan. Mai gyaran da ya haɗe wayoyin zoben domin mai kaya na ƙorafin na'urar tana yawan tsayawa, ya sayar masa da faifai sabo ne a ɓoye.

Akwai wani abin lura ga masu sauraron rediyo. Megahaz 1.7 na zaune ne daf da ƙarshen matsakaicin zango. Kuma taransista guda da ke kunnawa yana kashewa ba ya fitar da sauti tsaftatacce, yana fitar da ninkin-ninkinsa ma. Ninki uku na megahaz 2.4 shi ne 7.2, wanda ya faɗa mita 41 na gajeren zango, ninki huɗu kuma 9.6, tsakiyar mita 31. Dattijon da rediyonsa ya fara ƙuwwa tun ranar da aka kawo tukunyar ƙamshi ɗakin, ba lalle laifin batir ba ne. Fanel mai kyau yakan zo da matatar hana wannan a bakin shigar wuta. Mai araha kan tsallake ta.

Dabarar Colpitts tana da iyaka. Tana cin wat 20 zuwa 30, tana son ruwa mai zurfin 'yan santimitoci, ba ta dace da batir ba. Ko da yake a yi mata adalci: na'urar da ke cin wat 30 ta fitar da mililita 300 a sa'a tana kashe kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit ɗin wuta a kan kowace lita, alhali tafasa lita guda har ta ƙone tana cin fiye da kashi shida cikin goma.

Dangi na biyu kuwa na masu rariya ne. A nan tangaran ɗin zobe ne, an manna shi kewaye da siririn ƙarfe mai ɗaruruwa ko dubban ƙananan huji. Ruwa na taɓa bayan rariyar, ta hanyar lagwanin auduga ko kai tsaye, zoben na kaɗa ta, kowane huji na tofo ɗigo. Ƙananan na'urorin da ake jonawa da cajar waya suna kaɗawa ne tsakanin kilohaz 108 zuwa 113, da wat biyu ko ƙasa da haka. Da ƙa'idar Lang ce ke mulki a nan, ɗigon zai kai wajen maikiron 18, ya yi wa huhu girma. Amma hujin ne ke yanke girman ɗigon, saboda haka aka sami ƙaramin ɗigo da ƙaramar wuta. Na asibiti a kan wannan suka ginu. Rariyar kamfanin Aerogen da ke Galway a ƙasar Ailan tana da huji kusan 1,000, tana kaɗawa sau 128,000 a daƙiƙa, kuma ana jona ta a layin injin taimakon numfashi. Omron na Jafan ya yi wata mai shiga aljihu, MicroAir, wadda ke aiki a kilohaz 180 da batir biyu na tocila.

Da'irar waɗannan daban take. Bolt 5 ba su isa su motsa zoben ba, don haka akwai kwayil mai ƙafa uku da ƙaramin taransistan MOSFET da ke buɗewa yana rufewa, su ɗaga wutar zuwa gomman bolt. Tambayar ita ce, wa ke ba MOSFET ɗin lokaci? Ɗalibai da yawa kan fara da ayisi (IC) mai lamba 555, wanda Hans Camenzind ya tsara wa kamfanin Signetics a farkon shekarun 1970. Yana aiki, amma kurma ne. Saurinsa daga razista da kafasita yake fitowa, ba ruwansa da halin da faifai ke ciki. Razistan da aka rubuta masa kuskuren kashi 5 cikin ɗari zai iya kautar da kilohaz 110 da fiye da kilohaz 5, alhali tagar da rariyar ke ba da hazo mai kyau a cikinta ba ta da wannan faɗi. Shi ya sa ake sa razista mai murɗawa, ɗalibi ya zauna da ɗan sukundireba yana juyawa har hazo ya ɓalle. Bayan kwata na sa'a kaya sun ɗumama, hazo ya ragu, a sake ɗauko sukundireba.

Maganin wannan shi ne a ba da'irar kunne. A ƙarƙashin MOSFET ɗin sai a sa ɗan ƙaramin razista, ƙasa da om ɗaya, wanda duk wutar da faifan ya ja dole ta bi ta cikinsa. Ayisi mai ƙwaƙwalwa, wanda ake rubuta wa umarni, shi zai riƙa karanta wannan wuta. Da an kunna, sai ya taka zangon daga ƙasa zuwa sama, misali daga kilohaz 100 zuwa 120, ɗan taki bayan ɗan taki, yana rubuta abin da ya gani a kowane mataki, sannan ya koma inda faifan ya fi amsawa ya zauna. Duk wannan kafin mai na'urar ya ɗauke yatsansa daga makunni. Masu kyau ba sa tsayawa nan. Suna aiki suna leƙa ɗan sama da ɗan ƙasa, in suka ga ɗayan ɓangaren ya fi, su gusa. Akwai kuma masu bin hanyar kwatanta lokacin da bolt ke tashi da lokacin da amfiya ke tashi, domin a daidai saurin da faifan ke so kusan tare suke tafiya. Tsohon ayisin 4046 na kamfanin RCA ya daɗe yana wannan aiki.

Wannan kunne yana ba da wata riba kyauta. Rariya mai ruwa a bayanta da busasshiya ba sa jan wuta iri ɗaya. Saboda haka ayisin na iya gane cewa magani ya ƙare ba tare da zobe ko maganaɗisu ba, ya kashe kansa. Ga nebulaiza mai ɗaukar mililita 2 ko 3 na magani, inda babu wurin da zobe zai yi shawagi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rage hazo ko ƙara shi wata matsalar ce. Ba a taɓa saurin kaɗawa, tunda shi faifan ne ya zaɓa. Ana iya rage ƙarfin wutar, kuma abin da maɓallin murɗawa ke yi ke nan, amma akwai gaɓar da in an sauka ƙasa da ita raƙuman ba sa tsinkewa, ruwa ya yi ta rawa babu hazo ko kaɗan. Don haka sababbin da'irori kan bar faifan a cikakken ƙarfinsa, su riƙa kunna shi suna kashewa cikin sauri, yawan hazon ya danganta da tsawon kunnawar.

Duk wannan wayo a kan faifai ya tsaya. Da'irar na jin zafinsa, tana jin nauyin ruwan da ke kansa, amma ba ta da labarin abin da ke narke cikin ruwan. Tukunyar da ke tafasa tana barin gishiri a gindinta, tururi zalla ke tashi. Faifai kuwa yana ɗaukar ruwan yadda yake, da gishirinsa da ƙwayoyin cutarsa, ya yanka shi daidai girman da huhu ke karɓa. Farar ƙurar da ke kwanciya a kan tebur kusa da na'urar ɗaki ma'adinan ruwan ne, shi ya sa Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar amfani da tataccen ruwan da aka turara aka tara. Ruwan leda ba shi ba ne. An tace shi don sha, amma ma'adinansa na nan.

A ƙarshen 1989, a garin Bogalusa na jihar Louisiana, mutum fiye da talatin suka kwanta da cutar huhu ta Legionnaires. Da masu bincike suka bi sawu, sai suka ɓulla a wani kantin kayan abinci, inda na'ura mai irin waɗannan faifai ke fesa wa ganyaye hazo don kada su yi yaushi. Ƙwayar cutar na cikin tankin.

Abin da ya faru a Koriya ta Kudu ya fi wannan muni nesa. Sanyinsu busasshe ne, na'urar danshi ta zama kayan kowane gida, musamman mai jariri. Daga 1994 aka fara sayar da wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa cikin tankin don a huta da wankewa. Wasu nau'ukansa na ɗauke da sinadarin PHMG, wanda aka saba amfani da shi wajen tsaftace kaya, ba a kuma gwada abin da zai yi in an shaƙe shi ba. A bazarar 2011 aka riƙa kawo mata masu ciki da masu jego wani asibiti a Seoul da huhu ya ƙandare, likitoci suka rasa dalili. A watan Agusta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta nuna yatsa ga wannan ruwa, a Nuwamba aka janye shi daga kasuwa. Waɗanda aka yi wa rajistar mutuwa sun haura dubu ɗaya, da yawansu ƙananan yara da iyayensu mata. A 2016 shugaban reshen Oxy Reckitt Benckiser na ƙasar ya fito ya nemi gafara, a Janairun 2017 kuma kotu ta yanke wa wani tsohon shugaban kamfanin ɗaurin shekara 7, wanda aka rage zuwa 6 da aka ɗaukaka ƙara. Na'urorin da ke cikin waɗancan gidaje ba su lalace ba. Da'irorinsu sun yi aikinsu daidai.

Ko a asibiti akwai irin wannan makanta. Nebulaiza mai faifai a gindin ruwa tana ɗumama magani, kuma ba ta iya ɗaukar magungunan da garinsu ke yawo cikin ruwa bai narke ba, irin su budesonide. Hazo na fita, maganin na zaune a kofi. Salbutamol da ya narke sarai ba ya ba ta wahala. Na'urar danshin ɗaki kuwa ba nebulaiza ba ce, ba a zuba mata magani.

A ƙasar Hausa, inda duk waɗannan matsaloli suka fi haɗuwa wuri guda shi ne injin ƙyanƙyasa da hunturu. Ƙwan kaza na buƙatar kwana 21 a zafin digiri 37.5, da danshin kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwanaki 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a ukun ƙarshe. A Kano ko Damagaram cikin Janairu, danshin iskar rana kan faɗi ƙasa da kashi 20. Tiren ruwa kaɗai ba kullum yake cike wannan giɓi ba, ƙwan ya bushe fiye da ƙima, ɗan tsako ya manne da fatar ciki ya kasa fitowa. Shi ya sa masu haɗa injin a gida suke sayen faifan hazo su sa a bokiti, su jona shi da sensar danshi da rile.

Kurakuran da ake yi sanannu ne. Wanda ya saita da'irarsa ta kunna a ƙasa da 55 ta kuma kashe a sama da 55, rilensa zai yi ta ƙas-ƙas dare da rana har ya ƙone. A ba shi tazara, ya kunna a 50 ya kashe a 55. Wanda ya rataye sensa a bakin bututun hazo zai ga tana nuna 99 alhali tiren ƙasa a bushe yake, domin ɗigo ya sauka a kanta. A kai ta nesa, inda fanka ta riga ta gauraya iskar. Sensar DHT22 da ɗalibai suka fi so ba a tambayarta fiye da sau ɗaya a daƙiƙa biyu. Hazo kuma yana shan zafi yayin da yake bushewa, don haka duk lokacin da faifai ya tashi zafin injin zai ɗan sauka, hita ta kunna, zafin ya sake rage danshi. Gajerun feshi masu tazara sun fi dogon feshi guda. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai ma'adinai zai lulluɓe faifan da farin ɓawo, wanda ake jiƙawa da ruwan lemun tsami a goge da auduga, ba a kankare shi da ƙarfe. In za a sauya faifai, a duba lambar da ke jikinsa, domin na megahaz 2.4 ba ya zama a fanel ɗin 1.7 ko da faɗinsu ɗaya.

Ita kanta sensar tana buƙatar a gwada gaskiyarta kafin a ɗora mata ƙwai ɗari biyar. A zuba gishirin miya a murfin kwalba, a ɗiga ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke duka ba, a rufe shi tare da sensar cikin roba mai murfi tam, a bar su kwana guda a inuwa. Iskar da ke ciki za ta tsaya a danshin kashi 75 cikin ɗari. In sensar ta nuna 68, sai a ƙara 7 a cikin umarnin ayisin, a rubuta ranar gwajin a jikin injin, a maimaita kafin zubi na gaba.